Tawakkali Cikin Littafin Lissafi: Sharhi a Kan Labarin George Müller na Biristol

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin da George Müller (1805–1898), limamin wata majami'a a birnin Biristol na ƙasar Ingila, ya rubuta game da yadda ya riƙe dubban marayu tsawon shekaru fiye da 60 ba tare da ya roƙi kowa taimako ba. Littafin yana cikin manyan madogaran Kiristocin Furotesta idan ana batun dogaro ga Allah wajen arziki a lokacin tsanani. An auna shi a nan da ma'auni biyu: nassoshin addinin marubucin kansa, da abin da malaman Musulunci suka rubuta a babin tawakkali da sababi. Abin da aka tarar shi ne, littafin shaida ce mai ƙarfi a kan kame kai da riƙon amana, amma ya gaza a matsayin hujjar da marubucin ya so ya kafa, domin barin roƙo daban yake da barin sababi, kuma shi kansa littafin yana cikin manyan sabubban da suka jawo kuɗin.

1. Gabatarwa

Duk addinin da ya ce Ubangiji ne mai azurtawa, dole ne ya fuskanci tambayar magidancin da ya wayi gari babu ƙwayar hatsi a rumbu. Ɗalibin Musulunci ya san amsar addininsa tun daga aya ta 6 ta Suratu Hudu zuwa farkon Suratuɗ Ɗalaƙ. Abin da sau da yawa bai sani ba shi ne yadda maƙwabcinsa Kirista yake amsa ta. Mafi yawan abin da ke isa kunnensa wa'azin wadata ne na talabijin, wanda ke mayar da dukiya alamar yardar Allah, sai ya zaci iyakar abin da ke wurinsu ke nan. Adalcin da aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta, har ga wanda ake saɓani da shi, yana buƙatar a karanta mafi nauyin abin da mutane suka rubuta kafin a yanke musu hukunci.

Kiristoci sun gina wannan babi a kan nassoshi sanannu. Mafi shahara shi ne ƙarshen sura ta 6 ta Linjilar Matiyu, inda aka ruwaito Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana hana almajiransa damuwa da abin ci da na sutura, yana nuna musu tsuntsaye da furannin jeji, yana umartarsu su fara neman mulkin Allah, sauran buƙatu za su biyo baya. Akwai labarin mannu a sura ta 16 ta Littafin Fitowa, wanda aka hana Banu Isra'ila ajiye shi zuwa gobe, da labarin Annabi Ilyasu da hankaki suka riƙa kai wa abinci a shekarun fari, da wasiƙar da Bulus ya rubuta wa mutanen Filibi daga kurkuku yana cewa ya koyi wadatar zuci a ƙoshi da yunwa. An kawo waɗannan nassoshi ne yadda suke a hannun masu su. Batun ingancinsu babi ne na daban.

Abin da ya bambanta Müller da sauran masu wa'azi shi ne ya ɗauki waɗannan nassoshi a matsayin alƙawari da za a iya gwadawa, sannan ya rubuta sakamakon gwajin rana bayan rana, da kwanan wata da adadin kuɗi.

2. Marubucin da littafinsa

An haifi Müller a ƙasar Furusiya ta Jamus a 1805. Ya yi karatun addini a jami'ar Halle, garin da August Hermann Francke ya kafa wani babban gidan marayu tun ƙarshen ƙarni na 17, kuma Müller ya taɓa zama na ɗan lokaci a wannan gida yana ɗalibi. Ya tafi Landan a 1829, ya zama limamin wata ƙaramar majami'a a Teignmouth, ya auri Mary Groves a 1830. Ɗan'uwan matar, Anthony Norris Groves, likitan haƙori ne da ya bar sana'arsa ya tafi Bagadaza aikin mishan ba tare da albashi ba, kuma misalinsa ya yi tasiri ƙwarai a kan Müller. A shekarar auren nasa Müller ya ajiye albashinsa, ya soke kuɗin hayar kujeru da mawadata ke biya a majami'a, ya sa akwati don wanda ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa, ya kuma ƙudurta ba zai sake gaya wa ɗan'adam buƙatarsa ba.

Ya koma Biristol a 1832, shekarar da annobar kwalara ta ratsa birnin. A 1834 gwamnatin Ingila ta yi sabuwar dokar matalauta wadda ta tura marasa galihu, har da marayu, zuwa gidajen aikin tilas masu tsananin ƙunci. A watan Afrilu na 1836 ya buɗe gidan marayu na farko a titin Wilson, gidan haya mai ɗaukar yara mata 30. A 1849 aka buɗe ginin farko na Ashley Down mai ɗaukar yara 300, kuma zuwa 1870 gine-ginen sun kai biyar, masu ɗaukar yara 2,050. Kafin rasuwarsa a watan Maris na 1898, marayu 10,024 sun bi ta hannunsa, kuma kuɗin da ya shigo wa ayyukansa ya haura fam miliyan ɗaya. Abin da ya bari na kansa bai wuce kimanin fam 160 ba.

Littafin da ake sharhi a kansa sunansa A Narrative of Some of the Lord's Dealings with George Müller, wato labarin wasu daga cikin mu'amalolin Ubangiji da shi. Juzu'i na farko ya fito a 1837, sauran suka biyo baya cikin shekaru masu yawa. Tsarinsa na kundin yau da kullum ne: yau an wayi gari da kaza a hannu, ana buƙatar kaza, an yi addu'a, da ƙarfe kaza wasiƙa ta iso da kaza. Lokaci zuwa lokaci marubucin kan tsaya ya yi wa mai karatu nasiha. Ya kuma bayyana manufofinsa uku na kafa gidan bisa jeri: na farko, a ɗaukaka Allah ta hanyar nuna wa mutane cewa har yanzu Yana amsa addu'a, na biyu, amfanin marayun ta fuskar addini, na uku, amfaninsu ta fuskar rayuwar duniya. Wannan jeri shi ne mabuɗin littafin, kuma a kansa yawancin sukar da za ta biyo baya ta rataya.

3. Inda littafin ya yi ƙarfi

Mai karatun da ya saba da ilimin hadisi zai fara da tambayar isnadi, kuma a nan littafin ya fi yawancin ire-irensa. Labarin Müller da ya fi yawo a bakin masu wa'azi shi ne na safiyar da yara suka zauna gaban kwanukan da babu komai, ya yi godiya a kan abincin da bai zo ba, sai mai gasa burodi ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai kuma keken mai madara ya lalace a bakin gidan. An samo wannan labari ne daga tunawar wata mata da ta san shi tun tana yarinya, ta ba da shi bayan shekaru masu yawa. Kundin Müller ya fi wannan sanyi, ya kuma fi shi abin dogaro. Cike yake da sule da kwabo, da tsofaffin tufafi da zobban da aka aiko a sayar. An rubuta shi kusa da lokacin da abubuwan suka faru, an buga shi mutanen da abin ya shafa suna raye, ana kuma ba da rasit a kan gudummawa, ana binciken lissafin kowace shekara. Babu wani dalili mai ƙarfi na tuhumar adadin da ya kawo.

Misali ɗaya ya isa ya nuna salon. Daga 1838 aka shiga shekarun matsi, inda sau da yawa kuɗin abincin rana ba ya isowa sai da hantsi. A ranar 18 ga Satumba na wannan shekara asusu ya ƙare ƙaf, har an kai ga shawarar sayar da kayan gidan da za a iya rayuwa babu su. Da la'asar sai wata mata daga wajen Landan ta kawo fam 3 da sule 2 da sisi, saƙo daga 'yarta. Ta yi kwana huɗu ko biyar a Biristol, kuma masaukinta yana jikin gidan marayu maza. Müller ya fassara wannan da cewa kuɗin sun daɗe a kusa, Allah Ya jinkirta su ne don a ci gaba da addu'a, imani kuma ya ƙara ƙarfi.

Ƙarfi na biyu shi ne ɗabi'ar mutumin game da dukiya. Bai taɓa yarda da cin bashi ba, bisa fahimtarsa ta sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ga Romawa. Ba ya taɓa kuɗin da aka bayar don wata manufa ya toshe wata da su, ko da ana cikin matsi. Lokacin da wata matalauciyar mai ɗinki, wadda abin da take samu a mako bai wuce sule 3 da sisi ba, ta kawo fam 100 daga gadon da ta ci, bai yi hanzarin karɓa ba sai da ya zauna da ita ya tabbatar ba zumuɗi ne ya ɗebe ta ba. A 1856 wani ya aiko masa da fam 100 don a fara yi masa tanadin tsufa, ya ƙi karɓa. Musulmi ba zai kasa gane wannan hali ba. Shi ne kame kai da aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yaba, kuma yana tuna wa mai karatu sahabban nan da suka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mubaya'a a kan ba za su roƙi mutane komai ba, har bulalar ɗayansu kan faɗi daga kan abin hawa bai ce wa kowa ya miƙo masa ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wanda ya mutu ya bar fam 160 bayan miliyan ta bi ta hannunsa ba ya cikin sahun masu wa'azin wadata, ko da sun riƙa ambaton sunansa.

4. Barin roƙo da barin sababi

Matsalar littafin tana farawa ne daga abin da marubucin ya ce lissafin nan ya tabbatar. Da'awarsa ita ce an riƙe marayun da addu'a da imani kaɗai. Kalmar “kaɗai” ita ce ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya tattauna wata mas'ala a Littafin Tauhidi da Tawakkali na Ihya'u wadda kamar don Biristol aka rubuta ta. Ya yi magana a kan sufayen da ke zaune a ribaɗi. Idan suna da waƙafi tsayayye, a ganinsa sun yi nisa da tawakkali. Idan suna aika hadimi ya roƙo musu, tawakkalinsu mai rauni ne. Idan ba sa roƙo, sun wadatu da abin da aka kawo musu, wannan ya fi ƙarfi, sai dai da zarar sun shahara da hakan, shaharar ta zame musu kasuwa, zamansu ya zama kamar shiga kasuwa ne. Gazali bai haramta wannan ba. Ya dai kira abin da sunansa.

Kasuwar Müller tana da faɗi. Kowace shekara yana buga rahoton da ke ɗauke da jerin gudummawa da labarin ranakun da asusu ya ƙare. Juzu'an littafinsa sun bazu a Ingila da Amurka, an fassara su zuwa wasu harsuna. Gidajen marayun suna da ranakun baƙi, da akwatuna a ciki. A 1857 mujallar Household Words ta Charles Dickens ta buga maƙala a kan aikin. Daga 1875 zuwa 1892 Müller ya zaga ƙasashe 42 yana wa'azi. Ga kuma yanayin zamanin: a 1840 aka mayar da kuɗin aika wasiƙa a Ingila kwabo ɗaya, a 1841 layin dogo ya haɗa Landan da Biristol, kuma ƙasar tana cike da masu sana'a da 'yan kasuwa masu kishin addini da rarar kuɗi a hannu. Wanda ya karanta cewa akwai ɗaruruwan marayu da mai riƙonsu ya rantse ba zai roƙa ba, an riga an gaya masa buƙatar, kuma ta hanyar da ta fi roƙo ratsa zuciya.

Müller ya san da wannan suka, kuma ya amsa ta da aiki. A ƙarshen 1841, ana tsakiyar matsi, ya ɗage taron shekara da fitar da rahoto da gangan har zuwa cikin 1842, don kada a ce da su ya dogara. Gidajen suka ci gaba da tafiya. Wannan ya nuna gaskiyar niyyarsa, kuma dole a ba shi ita. Amma bai warware mas'alar ba, domin jinkirta rahoto na wasu watanni ba ya goge abin da dubban mutane suka riga suka sani. Sunan da ya riga ya fita ba ya komawa gida don an yi shiru.

Bayan wannan, rayuwar mutumin cike take da tsari da tanadi. Bai fara ginin Ashley Down ba sai da kuɗin ginin suka taru a hannu, wato ya yi ajiya ta dogon lokaci. Ya ɗauki ma'aikata, ya koya wa yara sana'a, ya gargaɗi masu karatunsa kada su bar ayyukansu da sunan imani. Duk wannan riƙo da sababi ne, kuma abin yabo ne. Malaman Musulunci sun daɗe da kammala wannan muhawara. Muhammad ɗan Hasan Shaibani ya rubuta Kitabul Kasbi, Harisul Muhasibi ya rubuta Almakasib yana mayar da martani ga masu ganin neman abinci ya saɓa wa tawakkali, Ibnul Jauzi ya sake ɗaukar batun a Talbisu Iblis. Imam Ahmad, da aka kawo masa hadisin tsuntsayen da Allah ke azurtawa, ya jawo hankali ga cewa suna fita da safe ne su dawo da yamma. Matsayar da aka tsaya a kai ita ce tawakkali aikin zuciya ne, sababi aikin gaɓoɓi, ɗaya ba ya kore ɗaya. Da Müller ya ce Allah Ya ciyar da marayun ta hanyar alƙalaminsa da amanarsa da tausayin bayinSa, da babu mai ja da shi, kuma da girman Allah bai ragu da komai ba. Abin da ya hana shi faɗin haka shi ne manufarsa ta farko, wadda ke buƙatar a ga hannun Allah a wurin da babu hannun kowa.

5. Haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashin mai tawakkali

Tambaya ta biyu ita ce wa ya ɗauki nauyin gwajin. Gazali ya keɓe fasali a kan tawakkalin mai iyali, inda ya bambanta shi da na wanda ke shi kaɗai: mutum yana iya zaɓar wa kansa haƙuri da yunwa, amma ba shi da ikon ɗora wa waɗanda ke ƙarƙashinsa, sai in sun yarda da kansu. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir, alhali babu wanda ya kai shi tawakkali.

Matar Müller ta yarda da tafarkin tun 1830, don haka babu magana a kanta. Ma'aikatan gidan kuwa, kundin da kansa ya nuna cewa a 1838 Müller ya sassauta ƙa'idarsa ya tara su ya gaya musu halin da asusu ke ciki don su taya shi addu'a, kuma daga nan suka riƙa ba da ɗan abin da suka tara, wasu suka sayar da kayansu. A ranar 18 ga Satumba da aka ambata, ya rubuta cewa ma'aikata sun riga sun bayar har sun ƙare. Sau da yawa, ke nan, amsar addu'ar tana fitowa ne daga aljihun wanda aka yi addu'ar a gabansa. Ba a tilasta musu ba, amma mai karatu yana da haƙƙin ya lissafa su cikin sabubba, kuma ya lura cewa su ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikin masu bayarwa.

Marayun ba a tambaye su ba, kuma ba su kai shekarun da za a tambaye su ba. Müller ya ce ba a taɓa rasa ba su abinci a kan lokaci ba, kuma gaskiya ne cewa abin da ke jiransu a waje, titi ko gidan aikin tilas, ya fi muni nesa ba kusa ba. Duk da haka, sanya cikin maraya a matsayi na uku, bayan kafa hujja, tsari ne da fiƙihu ba zai sa masa hannu ba. Mai riƙon maraya wakili ne, kuma wakili yana bin mafi aminci ga wanda yake wakilta. Idan neman taimako a fili zai kawar da haɗarin kwana da yunwa, barinsa ba haƙƙin wakili ba ne. Akwai kuma sharaɗin shiga gidan: sai yaron da iyayensa biyu suka rasu, wanda kuma aka haifa ta hanyar aure. Yaron da aka haifa ba ta wannan hanya ba, wanda bai aikata laifin komai ba, ƙofa a rufe take gare shi.

A nan littafin ya haɗa abu biyu da shari'a ta raba: roƙo don kai, da kwaɗaitar da mutane don wani. Na farko abin ƙi ne sai da larura. Na biyu sunna ce. Muslim ya ruwaito yadda wasu mutanen Mudar suka iso Madina cikin tsumma, fuskar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta sauya, ya hau mumbari ya kira mutane zuwa sadaka har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Suratul Ma'un ta zargi wanda ba ya kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini. Nassoshin Müller ma ba su goyi bayansa gaba ɗaya ba. Bulus, wanda ya riƙa ɗinkin tanti don kada ya zame wa kowa nauyi, shi ne kuma ya cika sura ta 8 da ta 9 na wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa da kira a fili a tara wa matalautan Ƙudus gudummawa. Ƙa'idar rashin roƙo zaɓin Müller ne, kuma ya zaɓe ta ne don ta yi wa hujjarsa hidima.

6. Arziki a matsayin hujja

Ko da an sallama cewa kuɗin sun zo ta hanyar da ta saɓa wa al'ada, me hakan zai tabbatar? Musulmi ba ya cikin matsala da labarin. Allah Maɗaukakin Sarki Yana azurta kowa, kuma aya ta 20 ta Suratul Isra'i ta bayyana cewa kyautarSa a duniya ba a tsare take ga wani ɓangare ba. Ya fi kowa tausayin maraya a Biristol ko a wani wuri. Hausawa ma sun ce bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Abin da ba ya biyo baya shi ne ingancin aƙidar mai addu'ar. Müller yana kiran Allah Uba, yana roƙo da sunan Almasihu a matsayin ɗa kuma mai fansa, yana ɗaukar kowace wasiƙa mai kuɗi a matsayin hatimi a kan wannan. Suratul Fajri ta rushe irin wannan istidlali ta fuska biyu: yalwa ba alamar girmamawa ba ce, ƙunci ba alamar wulaƙanci ba ne, dukansu jarrabawa ne. Wanda ya karɓi arziki a matsayin shaidar gaskiyar addini zai wayi gari yana gaskata addinai masu karo da juna, domin kowanne yana da nasa labaran.

Sannan gwajin da kowane sakamako ke tabbatar da shi ya daina zama gwaji. In kuɗi sun zo da wuri, ijaba ce. In sun yi jinkiri, horon imani ne. In ba su zo ba, akwai alheri a ɓoye. A matsayin imani wannan daidai ne, kuma Musulmi ma haka ya yarda, tun da hadisi ya nuna addu'a takan zo da abin da aka roƙa, ko a tanade ta, ko a kawar da wani sharri da ita. Amma wanda ya yarda da haka ya riga ya yarda cewa ba daga littafin lissafi yaƙininsa ya fito ba.

Tarihin waɗanda suka bi sawun Müller ya ƙara fito da wannan. Hudson Taylor ya kafa ƙungiyar mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865 bisa wannan tafarki, Müller kuma ya tallafa wa ma'aikatanta da kuɗi. Daga wannan reshe ne ƙungiyar SIM ta tsiro. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ba tare da wata babbar ƙungiya a bayansu ba. Kafin ƙarshen 1894 ciwo ya kashe biyu daga cikinsu, Kent a Bida, kuma ba a sami kafa tasha ta farko ba sai a 1902 a Patigi. Sun dogara kamar yadda Müller ya dogara, amma littattafan wannan fanni masu tsawon rai ne ke rubuta su. Daga baya wasu daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suka daidaita a kan ƙa'idar ba da cikakken bayani ba tare da roƙo ba, wanda amincewa ce a fakaice cewa bayanin shi ne sababin.

Abin lura shi ne shafukan da suka fi nauyi a rubuce-rubucen Müller su ne waɗanda babu abin da ya iso a cikinsu. Ɗansa ya rasu yana jariri a 1835. Matarsa Mary ta rasu a watan Fabrairu na 1870 bayan ya roƙa mata lafiya. Shi ya yi wa'azin jana'izarta, ya gina shi a kan aya ta 68 ta Zabura ta 119, ya ce Allah Ya kyauta da Ya ba shi ita, Ya kyauta da Ya bar masa ita tsawon shekaru, Ya kuma kyauta da Ya karɓe ta. Ya bambanta tsakanin abin da yake ganin an yi alƙawarinsa a nassi, kamar abinci da sutura, da abin da ba a yi ba, kamar warkewar mara lafiya. A wannan wuri babu adadi, babu mai kallo da za a gamsar, kuma a nan ne ya fi kusa da abin da malamai ke kira rida da hukuncin Allah. Addininsa yana da wannan murya tun da daɗewa, a Littafin Ayuba da ƙarshen Littafin Habakuk, inda mai magana ke farin ciki da Ubangiji alhali gona ba ta ba da komai ba, garke kuma ya watse. Ita ce amsar da ta fi dacewa da mai tsanani na gaskiya, wanda wasiƙarsa ba ta iso ba.

7. Kammalawa

Littafin Müller ya cancanci ɗalibin nazarin addinai ya karanta shi, ko don ya san cewa dogaro ga Allah a wurin Kiristoci ya fi wa'azin wadata zurfi da tsufa. Mutum ne da ya kame bakinsa daga roƙo shekaru 68, ya tsare amanar kowane kwabo, ya ciyar da yara fiye da dubu goma ya kuma ilmantar da su. Kuskurensa yana cikin fassarar da ya yi wa aikinsa: ya ɗauki barin roƙo a matsayin barin sababi, ya sa maslahar maraya a bayan kafa hujja, ya kuma nemi arziki ya yi shaidar da ba aikinsa ba ce. Ma'aunin da Gazali da magabatansa suka bari ya isa ya rarrabe waɗannan ba tare da an tauye wa mutumin haƙƙinsa ba.

Ma'aunin nan kuwa ba ya duba addinin wanda aka ɗora a kansa. Duk Musulmin da ya tara 'ya'yan mutane ko marayu a ƙarƙashinsa, ya ce Allah zai ciyar da su, tambayoyin da aka yi wa Müller suna jiransa: wa ke ɗaukar yunwar idan abinci ya yi jinkiri, kuma ina lissafin abin da ya shigo? Müller ya amsa ta biyun da rasit da rahoton shekara har ya mutu. Allah ne Mafi sani.